Garin da Tambara ta fi kushewa

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Filinge ya san Tambara mai kopto. Gindin dogonyaro take zama, da ƙatuwar ƙwarya cike da dafaffen zogale da ƙuliƙuli, ga dambu a gefe cikin tukunya. Shekara ashirin da wani abu tana wurin. Iyakar tafiyarta a duniya Baleyara, nan ɗin ma sau ɗaya, gaisuwar mutuwa. Amma je ka tambaye ta yadda ake zaman Agadas, sai ka rantse can aka yanke mata cibiya.

Daga bakin direbobi ta yi karatunta. Wanda ya sauko daga Tawa ba zai samu ƙarin yaji ba sai ya gaya mata yadda albasa ke ciki a can. Wanda ya dawo daga gabas sai ta ji ko famfon Damagaram ya kawo ruwa a wannan mako. Ba ta mantuwa, ba ta kuma yarda da maganar mutum ɗaya sai ta gwada ta da ta wani. Har ta kai samarin Kurfai, wato ƙasar Filinge, in an gama girbi suna shirin cin rani, sai sun tsuguna gabanta kafin su zaɓi mota.

"Maradi dai, ɗiyana," in ji ta. "Hatsi da arha, ɗaki da arha, ko allura kaka saidawa sai ka ci tuwo. Damagaram mutanen kirki na, amma sai ka iya wanka da kwano guda. Agadas akwai kuɗɗi, sai dai komi bisa mota shika zuwa, tumatir ma baƙo na. Tawa iska kaɗai za ta gajiyad da kai."

In aka ce Yamai fa, nan ne Tambara ke ajiye cokali ta gyara ɗankwali.

"Yamai? Mi kaka nema Yamai? Ruwa ka saya, icce ka saya, gaisuwa ma sai ka biya taksi. Ɗaki kamar akurki, mai gida ya hi sarki iko. Da bazara ka dahu, da damana gulbi shi shigo maka har gado. Kopton da nika ba ku kyauta don ƙari, can shi na abincin mai albashi."

Mutane su yi ta dariya, su ce Yamai ta ci wa Tambara wani abu. Gaskiyarsu kuwa, ta ci mata, sai dai ba abin da suke zato ba. Ɗanta na fari, Kailu, can yake zaune.

A garin Damana aka haifi Tambara, aure ya kawo ta Filinge gidan Maidoki maƙeri. Da ta haifi Kailu, ta yi abin da uwarta da kakarta suka yi da ɗan fari: ba ta ɗauke shi gaban mutane ba, ba ta yi masa wasa ba, da aka yaye shi kuma aka miƙa shi wa kakarsa. Sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Akwai wani direban Abala mai irin sunan, shekara ashirin tana ce masa "mai suna". Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Tambara ta riƙe ta da hannu biyu, har mata suna ba da misali da ita. Yaron ya yi lakwal, wato boko, ya samu aikin kuran, wutar lantarki ke nan, a Yamai, ya yi aure can. To, yabon garin da yake ciki ai yabonsa ne. Shi ya sa duk ranar da kewarsa ta taso mata, ranar Yamai ke shan kashi.

Bayan Kailu sai 'ya guda, Haske, da ke aure a Maradi. Maidoki ya rasu, gida ya rage daga Tambara sai kaji. Gwiwoyinta sun fara ƙin tashi, idon hagu ya yi hazo, ɗaukar ƙwarya zuwa tasha ya zama aikin yini. Abu ɗaya take so kafin ƙafa ta ƙi gaba ɗaya: ta ƙare kwanakinta a gidan ɗanta, ko da bayansa kawai za ta riƙa gani in zai fita aiki.

Ta san gidan kamar ta taɓa share shi. Direbobin da ke kai masa saƙon gero sun gaya mata akwai famfo a tsakar gida, akwai ɗan fili bayan bayi, akwai kuma wani ɗaki da ke rufe shekara uku, yana biyan hayarsa bai sa kowa ciki ba. A Yamai fa, inda ko inuwa ba a bari ta zauna banza. Ranar da ta ji wannan, ta zagi garin har muryarta ta dishe, ta koma gida ta shuka zogale cikin gwangwanaye shida don wancan ɗan filin. In sun yi girma da yawa sai ta dasa su bayan ɗaki ta sake shuka wasu. Bayan ɗakinta har ya zama ƙaramin daji.

Jira take a ɗauke ta. Don a Kurfai ba a tambayar uwa ko tana son zuwa gidan ɗan fari. Babba ake turowa, ya zo ya yi mata faɗa, ya sa a ɗaure kayanta, ita kuma ta shiga mota tana cewa an fi ƙarfinta. Kowa ya san wasan, kowa ya fita da mutuncinsa. Mai wannan iko a kanta mutum ɗaya ce ta rage, Ramatu, yayar Maidoki, kuma ta ce mata, "Bari kaka ta yi, ni da kaina zan tura ki cikin mota." Ramatu ba ta ga kaka ba, zazzaɓin damina ya tafi da ita.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, tasha ta cika, sai ga Kailu ya sauko daga motar Yamai tare da matarsa Basiratu. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai ya yi gaisuwa. Tambara ta juya ga tukunyar dambu tana ta motsa abin da ba ya bukatar motsi.

"A ba baƙo ruwa," ta ce wa iska.

Abin da ba ta sani ba, an ba Kailu ƙarin girma a wurin aiki, amma sai ya koma Difa, can ƙarshen gabas. Sau biyu yana ƙin irin wannan saboda ɗakin nan da ke rufe. Wannan karon an ce ya ba da amsa cikin mako. Shi ma kunyar ta ɗaure masa baki, ba zai iya gaya mata ba, sai ya sa matarsa. Basiratu yarinyar kirki ce, haihuwar birni, abin da ke ranta shi ke bakinta. Da ta bari sun isa gida, da wataƙila an samu wata dabara. Amma motar komawa za ta tashi da azahar, don haka ta durƙusa nan gaban ƙwaryar kopto, direbobi biyar da 'yan cin rani suna ji.

"Inna, mun zo mu ji daga bakinki. Ɗakinki yana nan. Kina son ki zo Yamai ki zauna da mu?"

Duk tasha aka juyo ana kallon Tambara. Kalma ɗaya ce kawai za ta faɗa: to. Ta ɗaga ido ta ga mai suna yana murmushi, ta ga matan da ke ba da misali da ita sun tsaya da tallansu. Uwa ta ce tana son gidan ɗan fari, a tsakiyar tasha? Sai bakinta ya kama hanyar da ya saba.

"Ni? Yamai? In tahi in sayi ruwan alwala? Garin da baƙo ka kwana ukku a hwara duban buhun shinkahwa? In dai birni za ni, ai Maradi ta hi min sau goma."

Aka fashe da dariya, wani har da tafi. Ta ci gaba, ta kawo haya, ta kawo zafi, ta kawo sauro, tana yi tana satar kallon ƙafafun Kailu, tana roƙon Allah a ranta ya tashi ya ce a ɗaure kayanta. Shi kuwa tun yana yaro bai taɓa jin kalma mai daɗi daga gare ta ba, kuma shekara ashirin duk direban da ya kai masa gero sai ya kai masa da zagin Yamai. Ya san kunya, amma ya fara zaton wannan ya wuce kunya. Ya ce, "Allah shi ƙara lahiya, Inna," ya miƙe. Ta cika musu leda da kopto, ta danna shi sosai, ta ƙara ƙuliƙuli fiye da kima. Abin da ta iya faɗa ke nan.

Bayan sati uku mai suna ya kawo labari. Kailu ya saki gidan, ya kwashe iyalinsa zuwa Difa. Ya kuma aiko da saƙo cewa ya yi magana da mijin Haske, an shirya mata wuri a Maradi tunda can take so, duk ranar da ta shirya ta shiga mota. Yaron kirki, ya ba ta garin da ta yaba. Sai dai wace uwa ce za ta tare a gidan surukinta, ta ci tuwonsa safe da yamma? Ba a Kurfai ba. Difa kuwa kwana biyu ce a mota, gwiwar da ba ta kai ta tasha ba sai da hutu uku ba za ta kai ta can ba, kuma babu sauran babban da zai tura ta.

Ranar ba ta yi kuka a tasha ba, sai da ta isa bayan ɗaki wurin gwangwanaye. Washegari ta tsinke ganyensu ta dafa, ta sayar.

Tana nan har yanzu gindin dogonyaro, wata maƙwabciya ke ɗauko mata ƙwaryar. Bana bayan girbi wasu samari daga Imanan suka tsuguna gabanta, ɗayansu don neman dariya ya ce, "Inna, Yamai hwa?"

"Yamai ba laihi," in ji ta. "Akwai aiki, akwai likita. Ku tahi."

Suka dubi juna. Sai wani ya ce shi an gaya masa Difa akwai kifi da tattasai, ana samu.

Tambara ta ajiye cokali, ta gyara ɗankwali.

"Dihwa? Mi kaka nema Dihwa? Garin da ko gaisuwa ba ta isa sai ta kwana hanya?"

Ta fara, ta kawo nisa, ta kawo rairayi, ta kawo tsadar gero. Mai suna yana tsaye da kwanonsa a hannu. Shekara ashirin yana kai zaginta Yamai yana dariya, sai ranar ya gane abin da take faɗa. Babu wanda ya yi dariya, ita kuma ba ta daina ba.