Shekarar da Gyare Ya Fito a Al Rayyan

Ina gadin wani gida a Al Rayyan, can ƙasar Larabawa, shekarar da gyare ya fito. Bishiyoyin magaryar gidan da ƙasarsu aka kawo su daga wani wuri, ashe akwai 'ya'yan gyare maƙale a saiwarsu. Abin yakan yi shekaru a binne yana tsotsar ruwan saiwa, ba wanda ya san da zamansa. Sai wata bazara ya huda ƙasa ya fito, ya hau bishiya, ya tuɓe ɓawonsa, namijin ya kama tsala ihu yana kiran mace. Makonni kaɗan sai ya mutu.

Ranar da na fara jin kukan da tsakar rana, sai da na yi ƙwalla. Sak bayan gidanmu lokacin da ake jiran ruwan farko. Amma matar gidan ta ce ya hana ta barcin rana. Masu feshi suka zo suka yi wa bishiyoyin wanka da magani, washegari wasu suka fito daga ƙasa suka ɗora daga inda aka tsaya.

A lokacin mahaifina na kwance a gida, ƙanena yana ta bugo waya yana cewa in yi sauri. Na riga na roƙi kafil, wato maigidan da zamana ke hannunsa, ya ba ni izinin fita, don a zamanin ba ka barin ƙasar sai da yardarsa. Kullum sai ya ce gobe. Bakina ne ya ja mini: don neman shiga, na gaya masa mun kama gyare muna yara.

"Ka kashe mini ƙarar nan, khalas, shi ke nan ka tafi," in ji shi.

A gida danƙo muke shafa wa kara. A nan gam ɗin kama ɓera na shafa a sandar goge-goge. In na kamo ɗaya, sai in fige fukafukansa in jefa wa magen gidan, yana ta kuka har cikin bakinta. Daga baya na ga ai aikin banza nake. Na koma tsare gindin bishiya bayan magariba, lokacin da suke fitowa daga ɓawo farare, jiki laushi, ko kukan farko ba su yi ba. Da babban yatsa nake murƙushe su. Ban ji tausayinsu ba ko kaɗan, haushinsu nake ji.

Gidan ya yi tsit, matar gida ta samu barcinta. Na sa rigata mai kyau na je wurin kafil. Ya yaba mini sosai, har da dafa kafaɗa. Sannan ya ce mai lambu ya gaya masa za su yi ta fitowa har ƙarshen zafi, kuma ba wanda ya iya da su sai ni. In bari su ƙare tukuna.

Ba su ƙare ba mahaifina ya rasu. Kafin in gama waya da ƙanena an riga an ɗauke shi zuwa maƙabarta.

Kafil ya fito har bakin ƙofa ya yi mini ta'aziyya, ya yi addu'a mai tsawo. Muna shafawa sai wani gyare ya ɗauki kuka a can saman magarya. Ya ɗaga kai ya duba, ya juyo ya dube ni. Na shiga ɗakin gadi na ɗauko sandar.