Kaset ɗin da ya tona asirinmu ni da Yaya Habu

Bana shekara ashirin da shida ke nan da muka binne Yaya Habu. Da na lissafa sai na ga yanzu na girme shi nesa ba kusa ba, alhali shi ne babba a ɗakinmu, ni na huɗu. Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi farat ɗaya a ƙarshen shekarun casa'in, yana da arba'in da 'yan kai. Ina so in ba masu karatu labarinsa, sai dai ba zai bayu ba sai na haɗa da abin kunyar da na yi, domin tare suke tafe.

Ba karatu kaɗai ya kai ni Landan ba a tsakiyar shekarun tamanin, har da aike. Yaya ya riga ni zuwa da shekara shida, ya yi karatunsa, ya kama aikin gyaran motocin bas a wani gareji da ke bayan Old Kent Road. Sai labari ya riƙa isa Zariya a bakin masu zuwa hutu cewa Habu ya lalace: ya tara suma, ya sa rigar fata, yana bin makaɗan Turawa gari-gari. Babanmu tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai magana ɗaya. Ana gobe zan tafi ya kira ni zaure ya ce, "Sani, ka je ka gani da idonka, ka aiko mini da gaskiya. In abin da ake faɗa haka yake, na cire hannuna daga kansa." Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san nauyin wannan magana. Albarkar Baba ce Yaya zai rasa, kuma abin da zan faɗa ne zai yanke hukuncin.

Da na sauka gidansa a Catford, na tarar masu gulmar ba su yi ƙarya duka ba. Suma tana nan, rigar fata tana nan, faya-fayan garmaho da kaset-kaset sun cinye bango guda. Kiɗan rock yake ji, irin mai jita da ganguna da ihu. Ni a lokacin ba na jin komai a ciki sai hayaniya, kamar an saki awaki a ɗakin kwanuka. Shi kuwa sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Saurara, ƙanena. Ka ji mai gangar nan? Shi ke riƙe da su duka. In ya kuskure, kowa ya watse." Amma na duba ko'ina ban ga kwalba ba, ban ga ko karan sigari ba, kuma shi ke tashe ni sallar asuba.

Ban taɓa ganin mutumin da ƙaramin abu ke faranta wa rai kamarsa ba. In za mu hau bas sai ya haye sama da gudu ya kama kujerar gaba, shi da ya yini a ƙarƙashin irin motar yana shan baƙin mai. Kullum da 'yar robar yajin gida a aljihunsa, yana barbaɗa wa soyayyen dankalin Turawa a bakin titi, har mai shagon ya koma roƙonsa. Ranar Asabar da hantsi yakan bi shagunan tsofaffin faya-fayai ɗaya bayan ɗaya, in ya dace da wanda yake nema ya dawo yana washe baki kamar an yi masa haihuwa. A gareji ma da kunne yake aiki. Abokan aikinsa sun ce kafin a buɗe inji ya gama faɗin ciwon da ke damunsa.

Da lokacin zafin Turawa ya shigo ya ce mini, "Na yi mana booking tun watan jiya, kuma ba zancen cancel." Wasan kiɗa ne da rana tsaka a wani babban fili, jama'a ba masaka tsinke. Na je ne da idon ɗan leƙen asiri, ba zan ɓoye ba. Da la'asar ta yi ya ja ni gefe, ya shimfiɗa rigar fatar nan da ake zaginsa a kanta, muka yi salla ƙasa na girgiza a ƙarƙashin goshinmu. Da muka koma, wani mai jita ya yi wani kiɗi shi kaɗai mai tsawo, na waiwaya na ga hawaye a fuskar Yaya. Kafin in ankara ya zaro takardar fam biyar ya kutsa gaba, wai zai je ya yi wa makaɗin liƙi a goshi yadda ake yi a gida. Wasu ƙarti biyu masu gadi suka ɗago shi cak suka dire shi baya. Ya dawo yana haki yana dariya. Na ce ai ka biya kuɗin shiga. Ya ce, "Tikiti na mai fili ne. Mutum ya taɓa maka zuciya haka, ka tafi ba ka ce masa ka gode ba?"

A nan na yanke shawarar zan cece shi, kuma da ƙarya zan yi. Idon Baba ya yi rauni a lokacin, don haka da kaset ake yi masa saƙo maimakon wasiƙa. Washegari bayan Yaya ya fita aiki na zari wani kaset da ba rubutu a jikinsa, na ɗauka sabo ne, na danna rikoda. Na yi gaisuwa, sannan na ce, "Baba, duk abin da ake faɗa hassada ce. Yaya daga aiki sai masallaci. Ko rediyo babu a gidan nan." Na yi sallama, na kashe, na ba wani mai tafiya gida, ina ta yaba wa kaina hikima.

Yayata Ladi ce ta rubuto mana yadda ta kaya. Baba ya tara gida duka a tsakar gida aka kunna. Maganata ta ƙare, kaset ya ci gaba da juyawa, sai jita ta tsage da wani irin kuka, ganguna suka biyo baya. Ashe kaset ne da Yaya ya ɗauko da 'yar rikodarsa a wajen wani wasa, ni kuma farkonsa kawai na shafe. Abin da ya ƙarasa mu shi ne muryarsa, tar da ita, da Hausa, yana kwarara wa mai jitar kirari: "Kai! Allah ya bar mana hannun nan!" Ladi ta ce Baba bai kashe ba sai da kaset ya kai ƙarshe, sannan ya tashi ya shiga ɗaki. Daga ranar ya daina aiko wa Yaya saƙo, ni kuma gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya dube ni ya ce, "Da ka faɗa masa gaskiya, Sani. Ba abin kunya nake yi ba." Bai sake tayar mini da zancen ba har ya bar duniya. Ya sayo kwalin sababbin kaset, kuma kowane wata sai ya rufe ƙofa ya yi wa Baba saƙo. Na farkon kaɗai na ji farkonsa ta jikin bango. Cewa ya yi, "Baba, ni ne Habu. Kiɗan nan ina sonsa, kuma ba zan ce maka na daina ba, don ban daina ba. Ina salla, ba na shan komai, ina cin halak ɗina." Shekara bakwai yana aikawa ba amsa. Na sha ce masa ya aske sumar, ya ce ya tuba, a wuce wurin. Ya ce albarkar da za a sa wa wani Habu na ƙarya ba za ta same shi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. 'Ya'yana, waɗanda nake yi wa Hausa suna mayar mini da Turanci, kowa da abu a kunne yana jin kiɗansa shi kaɗai, ba mai riƙe hannun wani ya ce masa saurara. A wajen wasa kuma an ce rabin mutane ta cikin waya suke kallo. Ina jin da zai yi tsaki, sannan ya karɓi wayar ya raba yini yana neman tsofaffin makaɗansa, yana murna. Saƙon murya na yanzu kuwa kana sakin yatsa ya yanke, ba ya tona asirin kowa. Ni dai na riga zamanin zuwa, shi ke nan.

A shekara ta bakwai amsa ta zo, gajeriya. Baba ya ce, "Habu, na ji saƙonninka duka. Kiɗanka ban gane shi ba, ba na kuma sonsa. Amma ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Allah ya yi maka albarka. Ka ce wa Sani shi ma Allah ya yi masa." Yaya ya zauna a ƙasan kicin ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ni ma na taya shi.

Faya-fayansa sun watse a hannun abokai, garejin ma an rushe shi. Abin da ya rage mini shi ne na ga mutum ya so abu tsakaninsa da Allah, bai ɓoye ba, bai kuma bar ubansa ba, ya riƙe biyun har suka zauna tare. Ni har yau ban kai shi ba, kuma ina kewarsa sosai.

Na daɗe ina zaton tsufa ne ya sassauta zuciyar Baba har ya sako sunana a waccan albarka. Sai bayan su biyun sun rasu Ladi ta miƙo mini wata jaka daga ƙarƙashin gadon Baba, kaset-kaset ɗin Yaya ne ciki, ba wanda ya ɓata. Na zauna na ji su ɗaya bayan ɗaya. Labarin aiki, labarin sanyi, labarin wasan da ya je, bai rage komai ba. Kuma tun daga na farko har na ƙarshe, da magana ɗaya yake rufewa: "Baba, ka yafe wa Sani. Don ni ya yi."

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ban samu na ce maka na gode ba.