Farfela a Kujerar Baya

Akwai wata yarjejeniya tsakanin Baba da Inna wadda duk layinmu a Fagge aka san da ita: ranar da aka jawo motar Baba gida da igiya, ranar zai ajiye mukulli. Inna ce ta kafa sharaɗin, bayan ya daki teburin mai shayi yana ribas, ya kuma dage cewa teburin ne ya matso. Ya amsa da fara'a, don a ganinsa ranar ba za ta zo ba.

Motar tsohuwar jif ce, ta girme ni. Da ita ya yi fataucin albasa a ƙauyuka, amma tun da ya daina ba ta wuce masallaci da gidajen suna. Kusa da giyarta akwai wata 'yar guntuwar giya da ban taɓa ganin an taɓa ba. Inna kan rataya ledar goro a jikinta, ni kuwa na tashi ina zaton aikinta ke nan.

Ni dai a bayan Inna nake, ban kuma ɓoye ba. Idon Baba ya yi rauni, duk ya fita sai hankalina ya tashi. Har addu'ar igiyar nan na sha yi.

Wata Lahadi na je gaishe su, ya ce in raka shi Sabon Gari barka, an yi wa abokinsa jika, wani tsohon malamin makaranta mutumin Zariya. Mun yi sallama ke nan mun ɗan taɓa tafiya, sai muka ji ƙara a ƙarƙashinmu kamar an yar da tukunya. Inji na ta kuka, mota ko gezau. Baba ya leƙa ya ce farfela ce, wato doguwar sandar ƙarfen da ke juya tayoyin baya. Ta tsinke daga baya, kanta na jan ƙasa.

A ce ka lalace a tsakiyar masu kayan gyara, amma ranar Lahadi! Kowane shago da kwaɗonsa, masu shi suna coci.

Malam ya ƙaraso yana haki. "Alhaji, ga motata, ga igiya. In mun kai bakin layinku sai a kwance. Wa zai sani?"

"Malam, ba ka san Fagge ba," in ji Baba. "Kafin mu tsallaka shataletalen Bata labari ya riga mu gida, har da launin igiyar."

Ya tuɓe babbar riga, ya sa dutse a bayan taya, ya shige ƙarƙashi da sifana. Ina tsugune ina kallo. Sifana ta kama noti ta zame, ta kama ta zame. Can ya ce ƙarƙashin nan ya cika duhu, ya turo kansa waje, amma tashi ya gagara sai da ni da Malam muka kama shi. Bai kalli kowa ba, yana ta kakkaɓe wando.

Abin da na roƙa ne ya zo, sai na ji ba na so. Tausayinsa ya kama ni. Na ɗaure gyale a ƙugu, na karɓi sifana na shige, da sabuwar atamfata.

Nan take murya ta dawo masa. "Ba wannan ba, na gaba! Ke, hagu ake kwancewa! Me aka koya muku a makarantar?" Matan da ke dawowa daga coci suka yi cirko-cirko, wata ta sunkuyo da ƙaton ɗaurinta ta ce, "Madam, sannu da aiki!" Baƙin mai na ɗiga mini a goshi har na cire farfelar gaba ɗaya. Muka kwantar da ita a kujerar baya.

Baba ya murɗa wasu 'yan maɓallai a cibiyar tayoyin gaba, ya shiga, ya sauke ledar goro, ya ja guntuwar giyar nan. Ta yi gardama, sannan ta faɗa. Ashe ita ke ba tayoyin gaba ƙarfi. Mota ta yi gyatsa ta soma tafiya. A hankali muka taho, 'yan adaidaita na yi mana oda, Baba na ɗaga musu hannu sai ka ce gaishe shi suke.

Inna na bakin zaure. Ta dubi gaban mota, ta dube ni, ta dubi ƙarfen da ke kwance a baya.

"Ina igiyar?"

"Babu," na ce. "Da ƙafarta ta zo."

Baba ya ci gari, na zaci zai cika layi da baki. Sai ya kashe inji, ya ɗora hannu a kan sitiyari. Da ya nisa, ya zare mukullin ya sa a tafina mai baƙin mai.

"Ita motar tana da wasu ƙafafun a ajiye," ya ce. "Ni nawa ke nan. Amma ki zama shaida, ba jawo ni aka yi ba."

Inna ta juya ta shige gida da sauri, tana goge ido da bakin mayafi. Farfelar tana zaurenmu har yau, da ita ake tokare ƙofa.