Igiyar Baffa Munji

Baffa Munji, maƙwabcina a birnin Ƙairawan, tun yana saurayi yake tufka igiyar ciyawa. Kullum sai na tsokane shi: "Baffa, yau ma wutsiyar jaki ake kitsawa?"

Da igiyar roba ta cika kasuwa, sai ya ce zai rufe shago, wai ya ƙarar da rayuwarsa a banza.

Ran Juma'a bayan an idar da salla, muka ratsa farfajiyar babban masallaci, wadda magabata suka karkata don ruwan sama ya taru a ƙarƙashinta. Baffa ya dafa bakin wata rijiyar dutsen marmara da ke wurin zai gyara takalmi, sai ya tsaya cak.

"Lutfi, ɗan nema, kawo hannunka."

Ya cusa yatsuna cikin wani gurbi mai zurfi a bakin rijiyar, sumul kamar sabulu. Igiyoyin guga ne suka cinye dutsen, tun zamanin kakannin kakanninmu. Tsigar jikina ta tashi.

Washegari na tarar da shi yana tufka.

"Baffa, wutsiyar ce?"

"Ita ce. Matso a gwada maka."