Direban da Zuciyarsa ke Jin Kunyar Likita

Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin da ake gyaran bugun zuciya, na ga matsorata iri-iri, amma mutum ɗaya na taɓa gani yana roƙon Allah ciwonsa ya tashi. Direba ne, motar ma'aikatan wani kamfani yake ja. Dogo ne mai tsabta, takalminsa kullum a goge ko da ba shi da wurin zuwa. A tsakaninmu Lafiya-Lau muke ce masa, Allah Ya yafe mana, domin duk awon da aka yi masa abin da ke fitowa ke nan.

Ciwon nasa ɗan rainin hankali ne. Yana zaune ƙalau sai zuciyar ta kwasa da gudu, gumi ya karyo masa, idonsa ya rufe. Kafin a kawo shi asibiti ta koma tafiyarta salin-alin, kamar motar da ke daina ƙara da zarar ta ga bakanike. Ranar da abin ya same shi a kan titi, ya gangara gefe, ya kashe mota, ya kifa kai a kan sitiyari, ga mutane cike a bayansa. Maimakon a gode masa, sai aka karɓe makulli. Wasu suka ce ƙwaya yake sha. Kamfani ya ce ya kawo shaidar likita cewa ciwo ne kuma an magance shi, in ba haka ba ya kama gabansa. Wansa, wanda ya koya masa tuƙi, ya ce lalaci ne kawai ya sami wurin fakewa. Matarsa ta daina tambayarsa ya jiki, wannan kuwa ya fi komai cinsa.

Aikinmu sai ɓarawo ya fito ake kama shi. Ana zura wayoyi sirara ta jijiyar gindin cinya har cikin zuciya, a tsokane ta da ɗan lantarki har ciwon ya tashi, a bi sawunsa a kan allo a gano ɓarauniyar hanyar da yake bi, sannan a ƙone wurin. In bai tashi ba, babban likitanmu ba ya ƙona komai. Cewa yake ba a harbi a duhu.

A lokacin muna da ƙaramar likita mai karɓar horo a hannunsa. Kada ƙaramar ta ruɗe ku, cikakkiyar likitar zuciya ce, har da 'ya'yanta, ta sake komawa ɗaliba don ta ƙware a wannan fannin kaɗai. Sai dai ta yi shekaru a sashen gaggawa, inda in ka ga zuciya na irin wannan gudun ba ka tsayawa tambaya, tsayar da ita kake yi. Abin ya zauna mata a hannu.

Karon farko da aka kwantar da direba, ita aka ɗora a kan na'urar tsokanar zuciyar. Ta tsokana, ta tsokana, sai ga shi layukan allo sun harƙe da gudu. Kafin babban likita ya buɗe baki ta danna madannin da ke kwantar da bugun. Shi ke nan, ɓarawo ya leƙo ya koma. Aka yi, aka yi, har rigar dalmar da muke sawa don kariya daga hasken na'urar hoto ta kusa karya mini baya, zuciyar nan ta ce ba ta san zancen ba. Ɗan abin da aka gani bai isa a kira shi da suna ba, balle a rubuta wa kamfani.

Babban likita bai yi faɗa ba, gara ma da ya yi. Ce mata ya yi a can inda ta fito tsayarwa ce ceto, a nan kuwa sai an iya tsayawa a kalla. Direba da aka yi masa bayani ya yi godiya, ya sunkuya yana ɗaura igiyar takalmi, ya daɗe bai ɗago ba. Ni dai tausayi ya hana ni kallonsa.

Da aka sake ba shi rana, labari ya riga ya iso masa cewa za a ba wani motar. Matarsa ta rako shi, wansa ma ya biyo su, wai ya zo ya ga ƙarshen wasan kwaikwayo. Na bar su a benci ina danne fushina.

Na ɗauka babban likita zai karɓi na'urar da kansa. Ina! Ƙaramar likitar ya sake nuna wa kujerar aikin, ya koma bayanta ya harɗe hannu. Ta fara. Shiru. Na saka wa direba maganin da ke zaburar da zuciya, jikinsa ya ɗauki ɓari, amma ciwon ya ƙi. Ina jin leɓensa na motsi ƙarƙashin mayafi, na matsa kusa, ashe addu'a yake, Allah Ya sa ya zo. Babban likita ya dubi agogon bango, ya ce a shirya zare wayoyi. Ta roƙe shi ya bari ta gwada ta wani lungun sau ɗaya. Ya ɗaga kafaɗa.

Ta danna, ƙarar na'urar ta rikice ta koma sauri ba ƙaƙƙautawa. Fuskar direba ta yi fari fat. Ni ce mai kallon awon hawan jini, na ga yana gangarowa, na faɗa da ƙarfi. Hannunta ya tashi da kansa ya nufi madannin nan, wallahi har yatsanta ya kai kansa.

Sai muka ji muryar direba.

"Likita, don Allah kada ki tsayar. Ki bari su gani."

Babban likita ya ce ya san iyakar da zai bari, in an kai ta zai faɗa, ita ta dubi allo. Ta janye hannun ta cusa shi cikin ɗamarar rigar dalma, ta riƙe gam. Na sake faɗin awon, ya ƙara sauka. Na kama hannun direba, sanyi ƙalau, ina ce masa ya buɗe ido ya kalle ni. Ita kuwa ta kafa wa layukan ido tana bin su da baki, har ta nuna wuri ta ce ga ta nan. Babban likita ya sunkuyo, ya duba, ya gyaɗa kai, sannan ya ce ta tsayar. Aka kai wayar ƙuna wurin, aka ƙone. Bayan nan suka yi ta tsokana iya son ransu, ko gezau.

Muna turo gadonsa waje ya riƙe mata hannun riga, ya ce alfarma ɗaya yake nema, ta faɗa a gaban wansa. Ta tsaya, hular aiki a jiƙe da gumi, ta gaya musu ciwo ne na gaske, an haife shi da shi, ta gan shi da idonta, kuma tsayawar da ya yi a titi ita ta ceci mutanen da ke motar. Ta ce za a rubuta wa kamfani. Wan ya shiga gyara wa ƙaninsa bargon da ba ya bukatar gyara.

Matar ce ta durƙusa a gefen gadon, hawaye na zuba.

"Baban yara, ka yafe mini. Ni ma a raina na ce ƙarya kake."

Direba ya miƙa mata hannu.

"Tashi, ba komai. Ai ni ma na fara ce wa kaina haka."