Mai Aski da Mijin Autarsa

Shagon Baba Mai Aski ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya mai ƙara, madubin da ya tsage a kusurwa, sai bencin masu jira. Mutum ne mai barkwanci. In mai sanƙo ya zauna, sai ya ce, "Wannan ai ba aski ba ne, cigiyar gashi ce." Ranar Lahadi yakan rufe ya tafi coci, ya zauna a layin baya yana rera waƙa da muryar da matarsa ke cewa ta fi dacewa da korar awaki.

Barkwancin ya ƙare a shekarar da autarsa ta rasu. Mijinta, wani direba da ake kira Dogo, ya ɗauko ta a mota bayan ya sha ya yi tatil. Motar ta ƙwace masa ta daki gada. Ita ko shurawa ba ta yi ba. Shi kuwa ƙashin bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da ke motsi.

Da farko 'yan'uwan Dogo suna zuwa, sannu a hankali suka ɗauke ƙafa. Aka bar shi a wani ɗaki can ƙarshen gidan haya, daf da banɗaki.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada Baba ya je. Ba dubiya ta kai shi ba, maganganu ne cike da cikinsa yake so ya amayar. Tun daga ƙofa wari ya tare shi. Dogo na kwance a kan jiƙaƙƙiyar katifa, gemu ya cinye masa fuska, ƙudaje na bin gyambon da kwanciya ta yi masa a baya. Baba ya tsaya ya dube shi, ya juya ya fita. Can sai ga shi ya dawo da reza da sabulu da bokitin ruwan ɗumi.

Da rezar ta iso maƙogwaro, Dogo ya ce, "Baba, ga ta a hannunka. Ka danna kawai, kowa ya huta."

"Ɗaga haɓarka," in ji Baba.

A gida wuta ta tashi. Matarsa ta ce, "Wanda ya kashe mana 'ya ka je ka wanke? Da hannun da ka zuba mata ƙasa?"

"Ban ce na yafe ba, uwar yara. Kullum ina roƙon Yesu ya koya mini, har yanzu ban iya ba. Amma na ga ɗakin nan da idona."

Haka ya ci gaba da zuwa. Ya yi masa aski, ya juya shi, ya wanke gyambon. Bai taɓa yi masa wa'azi ba. In Dogo ya fara kuka, sai Baba ya ce ya daina motsi kada a yanke shi. Mutanen gidan, waɗanda da can sukan toshe hanci su wuce, suka fara jin kunya. Matar makaniken da ke ɗakin kusa ta soma share masa ɗaki. Tela ya ɗinka labule. Wani malamin makaranta ya riƙa taimakawa a ɗaga shi a fito da shi ya sha iska.

Matar Baba ba ta taka gidan ba. Sai dai wata rana Baba ya kawo zanin gadon Dogo gida, ya ajiye a bayan ƙofa don ya wanke in ya huta, ya fito ya same shi a wanke, a shanye a kan igiya. Ya gane wankinta ne.

Gyambon bai warke ba. Ya ci har ƙashi, zazzaɓi ya biyo baya, Dogo ya rasu da damina, kansa a kan cinyar surukinsa. Waɗanda suka raka shi kabari ba su da yawa, mafi yawansu mutanen gidan hayan ne.

Da Baba ya dawo, ya tarar da matarsa zaune a bakin ƙofa. Ta matsa masa wuri. Ya zauna, sai ta ce, "Yakan ambace ta?"

"Kullum."

Ta ja gefen zaninta ta rufe fuska, ta daɗe a haka.