Guntayen Kwalin Inna Mai Shara

Shekara goma sha bakwai Inna ta yi tana share ofishin masu zanen gine-gine, kuma a tsawon wannan lokaci babu wanda ya taɓa tambayar ta inda take zaune. Da sassafe take zuwa, ta goge tebura, ta wanke kofuna, ta juye kwandunan shara, kafin ma'aikata su gama gaisawa ta koma lungunta na ƙarƙashin bene. Gajeriyar mace ce mai ƙaramar murya, 'yar kafinta. Ubanta bai koya mata sana'a ba, don a ganinsa zarto ba kayan mata ba ne, amma ita ce mai riƙe masa bakin tef duk sa'ad da yake awo. Mijinta direban babbar mota ne. Ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, wadda yanzu take aikin jinya.

A ofishin akwai ɗakin da ake haɗa samfurin gini da farin kwali kafin a nuna wa mai kwangila. Nan abin ya shiga ranta. Tana shara tana kasa kunne, har ta gane cewa santimita ɗaya a kan tebur mita ɗaya ce a waje. Daga nan ta fara tsince abin da aka yar: guntayen kwali, rezar da ta dakushe, kwalbar gam da ta rage ɗan kaɗan a gindi. Aikin nasu dai bai taɓa burge ta ba. Gidajensu fari fat, babu tsatsa, babu igiyar shanya, kamar ba mutane ne za su zauna ciki ba. A ranta ta kan ce, wannan ai ƙarya ce aka yi mata wanka.

Ana nan sai ofishin ya rasa wata babbar kwangila. Kamfanin da ya samu kuwa zanensa kamar an tsaga kara da nasu. Manaja ya ce ruwa ba ya tsami banza, akwai mai fitar da sirri. Kowa ya shiga kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido.

Inna ta lura da sauyin tun kafin a ce mata komai. In ta shiga ɗaki sai hira ta mutu. Ɗakin samfuri da take sharewa ita kaɗai, yanzu sai an tsaya a kanta. Ranar Talata ta tarar an kwance ɗaurin jakarta an sake ɗaurewa, ba irin ƙullin da take yi ba. Ba ta yi dogon tunani ba ta san mai sito ne, wani dogon mutum mai tarin makullai a ƙugu, wanda ko inuwarsa bai yarda da ita ba.

Washegari da yamma mai gadi ya tare ta a bakin ƙofa yana sunkuyar da kai.

"Inna, ki yi haƙuri, umarni aka ba ni."

Aka zazzage jakar a gaban manaja da mai sito. Kwali ya watsu a ƙasa, ga tsinken ashana, ga tsohon tef na awo.

"Ranka ya daɗe, ka gani ko?" in ji mai sito. "Me mai shara za ta yi da tef? Da idona na gan ta tana auna tagar baya."

Manaja ya dube ta. "Inna, ina kike kai waɗannan?"

"Gida, ranka ya daɗe."

"Ki yi me da su?"

Ta durƙusa tana tattara kwalinta. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, yaya za ta faɗe shi a bakin titi? Hakan kuwa ya ƙara musu zargi. Manaja ya ce a bi ta gida a gani, ya haɗa mai sito da wata ƙaramar injiniya mai tabarau da ba ta daɗe da kama aiki ba.

'Yarta ta dawo daga asibiti ke nan suka iso. Da ta ji abin da ya kawo su, sai ta tare ƙofa.

"Shekara goma sha bakwai tana wanke muku kofuna, yau ita ce ɓarauniya? Umma, kada ki bar su su shiga."

"Matsa, 'yar nan. In ba su gani ba, gobe ma za su dawo."

A ɗakinta akwai wani tebur da ya cinye rabin wurin. Inna ta yaye zanen da ta rufe shi da shi. Titin ofishin ne ɗungurungum ta haɗa da kwali, gefe da gefe, aikin shekara huɗu. Ga kantin magani da allonsa da ya karkace, ga mai faci da tayoyinsa na zoben roba, ga kwalbatin da ya karye, ga ofishin kansa har da tabon ruwan da ke gangarowa daga bututun bene. Injiniya ta durƙusa, ta ɗauki rula ta auna ƙofar kantin, ta ɗago ta dubi Inna.

Mai sito ya zagaya teburin, hannuwa a baya.

"Wa ya sa ki?"

"Babu kowa."

"To wa za ki sayar wa?"

"Ba na sayarwa ba ne."

"Haba, Inna! Mutum ya ɓata shekara huɗu a kan abin da ba a sa shi ba, ba kuma zai ci da shi ba? Akwai dai magana."

"Malam, kullum ina bin titin nan, ina so in san yadda yake. In na auna abu na yanka shi da hannuna, sai in ji na san shi. Shi ke nan."

Bai gamsu ba. Ya sunkuya yana leƙa bayan ofishin, kamar zai tsinci takardun kwangilar a ɓoye a can. Sai ya tsaya cak. A lungun bayan sito akwai ɗan benci na tsinken ashana, a kansa wani dogon mutum na waya a kwance, takalmansa a jere a ƙasa, tarin makullai a kan cikinsa.

"Wannan kuma wane ne?" Muryarsa ta sauya.

"Wani ne. Da rana tsaka yake zuwa."

Injiniya ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa.

Ba a taɓa gano wanda ya fitar da zanen ba, in ma akwai shi. Manaja bai ba Inna haƙuri ba, sai dai ya kafa doka cewa duk guntun kwali a ƙone shi a durom. Mai sito ya ɗauke bencinsa daga lungun bayan sito, ya daina barcin rana, kuma daga ranar bai sake amsa gaisuwarta da baki ba, sai da ka. A ganinsa ta fi ɓarawo hatsari. Ita ma da ta ga bencin ya tafi, sai ta sa reza ta cire na kan tebur. 'Yarta ta ce ta bar shi don dariya, Inna ta ce ba ta ajiye abin da babu shi.

Ta koma roƙon kwalin magani a kanti, ga shi mara kauri, yana lanƙwashewa in ya sha gam. Injiniya ta ce za ta kai aikin wurin baje koli, Inna ta ƙi, don ba ta ga abin da zai sa baƙi su zo suna leƙa mata titi ba. Bayan wata biyu yarinyar ta zo mata har gida da sabon farin kwali, falle guda cur, ko ƙwarzane babu.

Inna ta yi godiya, ta tura shi ƙarƙashin gado. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Wa ya sani ko daga sito aka zaro shi don a gwada ta? Kwana tara yana nan ba ta taɓa shi ba. A na goma ta naɗe shi a zane, ta tafi kantin kayan rubutu da sunansa ke manne a kusurwar kwalin.

"Ɗana, nan aka sayi wannan?"

Mai kantin ya juya shi ya duba. "Nan ne, Baba. Wata yarinya mai tabarau ce ta saya. Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau."

A hanyar komawa ta tsaya gaban sabon shagon aski da aka buɗe kusa da mai faci, ta ƙirga faɗinsa da taku. Wanzamin ya leƙo yana mata kallon rashin yarda, almakashi a hannu. Ta gaishe shi, ta sake ƙirgawa don ta tabbatar, ta wuce.